Kada Ki Dawo Sai da Akuyar

...kuma ni ce na tura ki. Ni, da bakina. Wai kada ki dawo gida sai da jar akuyar nan. Akuya fa kika bi, Tanalher, akuyar da ko nonon kirki ba ta bayarwa, a kanta na kori 'yata cikin kwazazzabo...

Takalmi ɗaya ya tsinke tun a baya, na bar shi can. Tsakuwa tana cin tafin ƙafata. Dutse dama, dutse hagu, sama ta koma siririya kamar zare. Daga nan ko hadarin ba na gani. Tun hantsi yake zaune kan tsaunuka, baƙi ƙirin. Tsoho Emud mai lambu ya ɗaga kai ya duba, ya ce an yi ruwa a can sama, a hana kowa shiga kwari yau. Na ce masa kina ciki. Guga kawai ya saki... sakin gugan nan nasa ne ya sa ni gudu.

Ga kashin akuya, ɗanye. Ga sawunki, da ɗan yatsan nan karkatacce irin na ubanki. Mafaɗar ruwa kika nufa, na sani. Can akuyar take gudu kullum, ke ma can kike son zama ki tsoma ƙafa ki manta da faɗana.

Ranar da ruwa ya tafi da ubanki ma rana ake ƙwallawa. Ko ɗigo bai sauka a kanmu ba. Shayi na biyu nake haɗawa muka ji ƙugi daga kwarin nan, na ɗauka mota ce. Kwana biyu ana nema kafin a same shi a gindin dabino, bakinsa cike da — a'a. Ba yanzu ba. In yi ta tafiya kawai.

Ina kiran sunanki, dutse yana maido mini da shi. Shekararki goma sha uku. Da safe ko furarki ba ki shanye ba. "Inna, ƙafata na ciwo," kika ce, na ce ƙarya kike. Me ya sa ban dube ta ba? Dubawa kawai?

Ƙara... Wannan ta mafaɗa ce? Haka take da ƙarfi dama? Ƙirjina zai fashe. Lanƙwasa ɗaya ta rage, ya Allah, ɗaya...

Ga ki. Ga ki can a tsallaken tafki, daidai gindin ruwan, kina ɗaga mini igiya kina dariya. Kin same ta. Kina so in gani.

Amma ruwan da ke zubowa a bayanki... fari na san shi, siriri. Wannan ja ne, da karare a ciki, yana ƙara faɗi. Hau dutse, Tanalher, saki igiyar, hau! Ba kya ji na. Ina nuna miki sama da hannu biyu, ke kuma kin ɗauka gaisuwa ce... kina ɗago mini naki hannun.