Koren Ɗigo a Ƙofar Don Crisanto

Aikina shi ne in je in gani da idona. Ƙungiyarmu tana da shafi a intanet, taswirar birnin Lima ce da korayen ɗige-ɗige a kanta. Kowane ɗigo wuri ne da mutum zai kai matacciyar waya ko tsohuwar talabijin a wargaza ta yadda ya kamata, ba a ƙona ta a bakin rafi ba. Señorita Maricruz ce ke zama gaban kwamfuta a ofis. Ni ban yi nisa a makaranta ba, amma ina da babur, kuma na san gari. Sai in hau in je, in buga ƙofa, a gaisa, in duba ko har yanzu ana karɓar kaya. In na dawo na ce wuri yana nan, ɗigo ya zauna. In na ce babu, ta goge.

Cikin duk ƙofofin da nake bugawa, na fi son ta Don Crisanto Huamaní, can saman tudu a unguwar Los Molles. Ɗaki ɗaya yake haya da ɗan tsakar gida a wajen wata mata, Doña Otilia. A nan matarsa ta rasu, a nan ya tsufa. Yakan zauna kan benci da sukundireba, ya buɗe rediyo a hankali kamar mai fiɗar kifi, jan ƙarfe gefe guda, roba gefe guda, batir cikin tsohon bokitin fenti mai murfi.

“Ga mai taswira ya iso,” haka yake tarbata. “Eliseo, zo ka duba ko na mutu, ka je ka faɗa wa kwamfuta.”

“Baba, kana nan da ranka.”

“To rubuta. Ka ƙara da cewa na fi ka kyau.”

Sai ya aika a sayo mana emoliente, wani shayin ganye mai zafi, a bakin titi, mu sha.

Da sanyi ya shigo, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Ya fito asibiti yana magana, yana tafiya da sanda, amma hannun ya daina riƙe komai. Ya ce mini ya rufe. A gabansa na kira ofis, Señorita Maricruz ta goge ɗigon, na nuna masa waya ya ga wurin ya koma fari. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, “Ashe haka ake yi. Ba ko ƙara.”

Na zaci shi ke nan.

Da na koma gaishe shi, sai na tarar da talabijin uku a bakin ƙofa, irin masu ƙaton ƙeya ɗin nan na da. Akwai firinta, akwai firji ba murfi. Duk an riga an farke su. Masu yawo da keke suna sayen tsofaffin kaya sukan biyo da asuba su zare jan ƙarfen, su bar gilas da roba, abin da ba mai so. Gilas ɗin kuwa da dalma a cikinsa, masu kwasar shara ba sa taɓawa.

“Baba, wa ya kawo?”

“Mutanenka. Suna zuwa da waya a hannu, suna bin ta kamar makafi.”

Na buɗe shafinmu, babu ɗigo. Na rubuta sunansa a wajen bincike, sai ga shi. Wani shafi na masu son muhalli ya kwafi taswirarmu tun bara. Wata jarida ta kwafa daga wurinsu. Wani kuma da ban taɓa jin sunansa ba ya kwafa daga jaridar, har da hoton ƙofar, hoton da ni na ɗauka, ga babur ɗina ma a gefe. Duk sun ce a buɗe yake, ana karɓar komai.

Señorita Maricruz ta rubuta musu duka. Wasu ba su amsa ba. Ɗaya na’ura ce ta amsa, ta gode mana da kulawa. Wanda ya yi shafin farko an ce ya bar ƙasar, ba wanda ya san lambar sirrin shiga.

“Namu daidai yake, Eliseo,” in ji ta, tana murza ido. “Namu kaɗai nake iya taɓawa.”

Na sayi fenti na rubuta a bango da manyan baƙaƙe cewa an rufe, kada a ajiye kaya. Mutane suka riƙa ajiyewa daidai ƙarƙashin rubutun, a jere, cikin ladabi.

Doña Otilia ba muguwa ba ce. Tana da jikoki a gidan, kuma fasasshen gilas ya yanki ƙaramar a ƙafa. Ma’aikatan hukuma sun zo sun ɗauki hoto, sun ce gidanta ya zama juji. Ta tare ni a ƙofa, hannu a ƙugu.

“Kai ne mai taswirar?”

“Ni ne, Mama.”

“Kada ka ce mini Mama, ban haifi mai jawo mini bola ba. Ka ji da kyau: ko tarkacen nan ya daina zuwa, ko tsohon ya tashi. Na yi haƙuri iya haƙuri.”

Daga ciki Don Crisanto ya ɗaga murya. “Otilia, ki bar yaro. In kina neman wanda za ki cinye, ga ni, sai dai na yi tauri.”

“Kai ma ka yi shiru, tsohon rediyo.”

Ta juya, amma na ga tana share ido da gefen rigarta.

Ranakun Lahadi nakan ari keken wani abokina mai taya uku, in loda, in gangara da kayan zuwa ma’aikatar da ke karɓar gilas, can wajen gari. Sawu biyu nake iyawa kafin ƙafafuna su mutu. In na dawo Lahadi ta gaba, tulin ya fi wanda na kwashe.

Wata rana ina cikin lodi, wata mota ta tsaya. Wata mata ta fito, mai fara’a, da talabijin a kujerar baya an ɗaura mata bel kamar mutum.

“Sannu, saurayi. Nan ne wajen Don Crisanto?”

“Nan ne, amma an rufe, Señora. Ba shi da lafiya.”

Ta nuna mini wayarta. “Ai ga shi an ce a buɗe.”

“Wannan tsoho ne. Ni nake zagayawa ina dubawa. Ga namu, kin ga babu shi.”

Ta dubi tata, ta dubi tawa. Ɗige-ɗigen iri ɗaya ne, kore ɗaya. “To ta ina zan san wanne ne na gaskiya?”

Na kwatanta mata wani wuri a unguwar Ate, na ce jiya-jiya na je, suna karɓa. Ta ce talabijin ɗin ta mahaifiyarta ce da ta rasu, ba ta so ta jefar a shara, shi ya sa ta ratso gari tun safe. Ta gode mini sosai. Da na gangaro da keke, na tarar da talabijin ɗin a kwanar layi, an jingina ta da bango, an rufa mata leda saboda yayyafi. Na ɗora ta a kan kayan.

Ƙarshen wata ɗiyarsa Zenaida ta zo daga Huancayo, garinsu na asali can cikin duwatsu. Ta yi shekaru tana roƙonsa ya koma wajenta, yana ƙi. Ya ce ya baro duwatsun nan yana saurayi, bai san kowa a can ba sai matattu, kuma kabarin matarsa a nan yake, wa zai kai mata fure? Wannan karon bai yi gardama ba.

Kayansa ba su cika bayan akori-kura ba. Katifa, tukwane, benci, hoton wani waliyyi. Kayan aikin ya ce a bar wa maƙwabci. Sai da na kawar da wani injin wanki kafin motar ta iya matsowa bakin ƙofa. Na ɗaga shi na zaunar a gaba. Ba shi da nauyi ko kaɗan.

“Baba, zan ci gaba da rubuta musu. Wataƙila su goge.”

“Su goge don wa?” Ya yi ɗan murmushi da rabin baki. “Bar su. Ko ba komai akwai inda nake nan da ƙarfina, ina karɓar komai.”

Zenaida ta ce direba yana sauri. Motar ta gangara a hankali saboda ramuka, har ta sha kwana.

Doña Otilia ta fito da tsintsiya. Ta tsaya tana kallon tulin, ba ta share komai ba. Can ƙasa wata tasi tana hawowa, da wani abu babba ɗaure a samanta.

“To, mai taswira,” ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa. “Yanzu kuma wa zan kora?”