Ramin da Aka Huda a Bangon Saja Ambrose

Tir! Abin da ya fara fitowa daga bakin Magdalene ke nan da ta ga Obinna ya shigo gidanta da naɗin shuɗiyar waya a kafaɗa, da injin huda bango a hannu. Obinna mai shagon kayan kwamfuta ne a bakin kasuwar Zuru, mutum mai fara'a, shi kam ba shi da laifin komai. Masu laifin suna cikin ɗakunansu, kowa ya turo ƙofa: Philip babba da ƙanensa Dawuda, ƙarti biyu masu gemu da ta haifa da cikinta.

"Mama, ina kwana. Dawuda ne ya kira ni. Za mu raba firinta."

"Ku raba mi?" Ta dafe ƙirji. "Da gatari ko da zarto? Kayan uban nasu?"

Obinna ya yi dariya har wayar ta zame masa. Ya ce a'a, ba irin wannan rabon ba ne. Firinta tana nan inda take a ɗakin Philip, ba mai taɓa ta. Waya kawai zai ja daga kwamfutar ɗakin Philip ta cikin bango zuwa kwamfutar Dawuda, shi ke nan Dawuda yana zaune a ɗakinsa zai tura aiki, firinta ta buga.

"Ba sai ya sake wahalar shiga ɗakin yayansa ba, Mama."

Wahala! Da ma gatarin ya ce, da ya fi mata sauƙi.

Ga yadda abin yake. Mijinta, Saja Ambrose, da ya bar soja sai ya koma buga takardun coci. Kafin ya rasu ya ja kunne cewa kada a sayar da firintar nan, kada kuma a fitar da ita daga ɗakinsa, ta 'ya'yansa ce su biyu. Philip ne ya gaji ɗakin. To, ranar jana'iza, Dawuda ne ya tsara takardar addu'o'in da aka rarraba wa mutane, sai ga sunansa a saman na yayansa. Kuskure ne ko gangan, Allah kaɗai ya sani. A kan wannan shirmen, layi ɗaya a takardar da tuni masu ƙosai suka gama ƙunshe ƙosai da ita, 'yan'uwan suka daina magana. Fasto ya zo ya gaji. Kawunsu ya taso tun daga Danko, ya zauna a tsakar gida ya tuna musu yadda Dawuda ya bi Philip gonar surukansa shekara da shekaru suna noman golmo, wato noman da saurayi ke yi kafin a ba shi mata, har tafin hannun Dawuda ya farfashe. Suka saurara kamar bango, kawu ya sha kununsa ya koma.

Abu ɗaya ya rage. Dawuda malamin makaranta ne, dole ya buga tambayoyin jarrabawa da takardun darasi. Sai ya fito da safe da ɗan faifansa na kwamfuta a hannu, ya tsaya a ƙofar Philip yana kallon ƙasa.

"Ina kwana, Yaya. Zan buga takarda."

"Lafiya. Buga."

Iyakarta ke nan. Amma a kan wannan 'yar gaisuwar Magdalene take rayuwa. Takan ɗauki tsintsiya ta yi ta sharar wurin da babu ko tsinke, don dai ta ji. Tana da yaƙinin cewa wata rana ɗayansu zai yi suɓul da baka ya ƙara da "ya gajiya", daga nan kuma sai abin da Allah ya yi. Yanzu ga shi an kawo waya ta zo ta cinye mata gaisuwar.

Injin ya fara ƙara. Jan ƙasa ta yi ta zubowa daga bangon da Saja ya yi wa yaɓe da hannunsa. Magdalene ta tsaya a tsakar gida inda take ganin ƙofofin biyu, ta riƙe ƙugu, bakinta ya cika da yawu kamar ta taka mushe.

"Kun ji kunya," ta ce da ƙarfi, ba ta kira sunan kowa ba. "Ɓera ke huda bango don kada a gan shi. Ashe ɓeraye na shayar."

Obinna ya zura wayar, ya maƙala kanta a bayan wannan kwamfuta, ya zaga ya maƙala ɗayan kan a bayan waccan. Sai ya shiga zirga-zirga tsakanin ɗakunan, gumi na tsiyaya, don ko tambaya ce sai ya ɗauka daga bakin wannan ya kai wa wancan. Can ya fito yana sosa ƙeya.

"Mama, sun ƙi ganin juna."

"Yau ka sani?"

"Kwamfuta nake nufi. Dole a ba su suna ɗaya, kamar 'yan gida ɗaya. In suna ya bambanta, wannan ba ta san da waccan ba. Philip ya ce a sa sunansa, Dawuda ya ce bai yarda ba. Wane suna zan sa?"

Ta kau da kai, don ta rantse ba za ta sa bakinta a wannan ƙazanta ba. Obinna ya ɗaga kai ya ga hoton Saja da kakinsa a saman ƙofa, ya ce ya samu. Ya shiga nan ya rubuta AMBROSE, ya shiga can ya rubuta AMBROSE. Ya kashe duka ya kunna. Jim kaɗan sai ga ihunsa.

"Sun ga juna! Mama, zo ki gani, har sun gaisa!"

Kai, wannan takaici da yawa yake. An ɗauki sunan mijinta an ba ƙarafuna, ƙarafuna sun ji kunyar sunan sun gaisa nan take. Ta tofar da yawu a gindin gwanda.

Obinna ya ce a gwada. Dawuda ya danna daga ɗakinsa. A ɗakin Philip firinta ta yi tari, ta ja takarda da kanta, ba kowa a kusa da ita. Magdalene ta leƙa ta ga takardar tana fitowa a hankali, sai wani tunani ya faɗo mata. Takardar fa a ɗakin Philip ta fito! Waya ta iya kai saƙo, amma ba ta da hannun dawo da takarda. Ko ya so ko ya ƙi, sai Dawuda ya tako da ƙafarsa ya karɓa. Ta kusa yin guɗa. Ta gyara ɗaurin zane, ta jawo kujerarta ta tsakar gida, ta zauna ta zuba wa ƙofar Dawuda ido.

Ƙofar ba ta motsa ba.

A ciki Philip ya ɗauki takardar, ya juya ta, ya kalli bango. Ya naɗe ta siririya kamar tabar gargajiya, ya gwada ramin, ta ƙi shiga. Sai ya jawo akwatin ƙarfen ubansu daga ƙarƙashin gado, ya zaro tsohuwar wuƙar soja, ya durƙusa yana ƙwaƙular bango gefen wayar. Yana cikin yi sai ta ji wani ƙarƙas-ƙarƙas daga ɗaya ɗakin. Dawuda ne, shi ma ya samo ƙusa yana ƙwaƙulowa daga nasa ɓangaren. Rabon da ta ga 'ya'yanta sun haɗu a kan aiki ɗaya tun gonar golmo, sai yau.

Ramin ya buɗe. Takardar ta shige, wani hannu ya ja ta daga can. Ko tari ba wanda ya yi.

Obinna ya tattara kayansa, ya ce aiki ya yi kyau, in an sami matsala a kira shi. Magdalene ba ta amsa sallamarsa ba.

Washegari da safe ta ɗauki tsintsiya kamar kullum. Wannan karon akwai abin sharewa, jan ƙasar bango ta fito har bakin ƙofofin biyu. Tana sunkuye ta ji firinta ta yi tarinta ta fara aiki. Ta dakata, tsintsiya a hannu, tana jira, ko da yake ta san babu abin jira. Can ta ji muryarta ta fito ba ta shirya ba, da gaisuwar da Dawuda ya saba yi.

"Ina kwana, Yaya."

Ta saurara. Daga ciki sai ƙarar takarda ana naɗewa.