Takalman Baƙi

Tawada kwalba biyu. Farar takarda bandir ɗaya. Busasshen kifi, lemo shida, da mujallar wannan wata. Abin da Sumie ta ɗauko ke nan daga birnin Niigata, tana zaune a jirgin ƙasa na ƙarfe biyun rana, jakar kayan a kan cinyarta.

Takardar da tawadar na ɗanta ne, Naoyuki. Shekara bakwai ke nan yana kulle a ɗakinsa na saman bene, tun ranar da ya baro kamfanin da manaja yake sa shi durƙusawa gaban ma'aikata yana neman gafara. Sai gida ya yi tsit yake zagayawa banɗaki. Takan ajiye masa abinci a bakin ƙofa, ta dawo ta kwashe kwanuka. Ƙarshen wata ta tarar da babban ambulan kusa da su, ta kai gidan waya.

Abin da ke cikin ambulan ɗin shi ke fitowa a mujallar: labarin zane na Mai Guduma, wani mutum mai rufe fuska da ke bin manajojin da suke kashe ma'aikata da aiki, yana farfasa musu hannaye. Samari suna sonsa. Masu sharhi suna cewa yana koya wa yara ta'asa. Ba wanda ya san mai zanen.

Sumie ba ta kallon jinin. Kusurwoyin shafi take bi. A can takan ga butar shayinta mai lotsattsen gefe, ko wata tsohuwa da kwandon cefane, kullum an zana ta daga sama, yadda mai leƙe ta taga zai hango ta. Daga zanen ta fara sanin tsakiyar kanta ta yi furfura.

A shafin ƙarshe na wannan wata, Mai Guduma yana tsaye a ƙofar wani kicin, hannunsa a kan mariƙi. A ciki tsohuwar tana juya miya, ta ba shi baya. Bai shiga ba. Amma ya sauko daga bene har ƙasa.

Sumie ta ɗora yatsa a kan hannun, ba ta ɗauke ba sai da jirgi ya tsaya.

*

A mashigar gida, inda ake cire takalmi, ta tarar da baƙaƙen takalma na mutum uku, an jera su sun fuskanci waje.

Mijinta Isao yana falo yana zuba wa baƙin shayi. Ta gane su tun kafin a gabatar mata da su. 'Yan kamfanin nan ne da ke fito da masu kulle kansu, su kai su wani gidan horo a bayan duwatsu. Sau biyu tana ƙin amincewa. Shi ya sa Isao ya zaɓi ranar da take shiga birni.

Babbansu ya rusuna, ya miƙo mata katinsa da hannu biyu. Ya ce ta kwantar da hankalinta, aikin minti goma ne. Idan yaro ya ƙi buɗewa, sukan cire ƙofar ne gaba ɗaya.

"Baban Nao, a bayan idona?" in ji Sumie.

"Na gaji da ce wa maƙwabta yana aiki a Osaka," in ji Isao, bai dube ta ba. "Shekarata saba'in da biyu. In muka mutu wa zai hau masa da shinkafa? Wannan mahaukacin mai guduma?"

Tambayar da ke hana ta cin abinci ke nan.

Katakon bene ya yi ƙara sau ɗaya. Naoyuki yana jin su.

Minti goma. Bayan minti goma za ta ga fuskarsa. Ko ya rame, ko ya tara gemu, ko tabon da ya samu a haɓa yana ɗan shekara shida yana nan. Ta tsaya da jakar a hannu. Za ta gan shi, i, a hannun ƙarti uku, ana jan sa a kan matakala.

Ta ajiye jakar. Ta koma mashigar gida, ta buɗe ƙofa, ta ɗauki takalman ɗaya bayan ɗaya ta ajiye su a waje, a kan jiƙaƙƙiyar tsakuwa. Shekara arba'in da aurenta ba ta taɓa yi wa baƙo haka ba.

Baƙin suka fito da safa, suna ɗaga ƙafa kamar kaji a ruwa. Isao yana bin su yana rusunawa, yana ba su haƙuri, kunnuwansa sun yi ja.

Da ya shigo, Sumie ta rufe ƙofar, ta murza mukulli.

"Ba wanda zai cire masa ƙofa," ta ce. "Da ƙafarsa zai sauko. Ko da ban kai ranar ba."