Kalangun Baba Mudi Ya Shiga Kibod

"Sau ɗaya, Baba. Ka buga sau ɗaya, ka tsaya."

Baba Mudi ya leƙo ɗansa Mahadi ta gilashin da ya raba ɗakin ɗaukar sauti da inda kwamfuta take, kalangu a hammata, gula a sama. Ya buga. Amma hannun da ya tsufa yana yi wa mahauta da 'yan dambe kiɗa bai san ɗaya ba. Kafin Mahadi ya ɗaga yatsa an jero masa uku har da ɗan ƙari.

"Ɗaya na ce, Baba."

"To wane irin kiɗa ne wannan? Ko mai ƙwanƙwasa ƙofa ai yakan yi biyu."

Mahadi bai yi dariya ba. Situdiyon tana bayan wani shagon taki da maganin feshi ne a Malumfashi, ba taga, bango duk an manne shi da kwalin ƙwai, kuma warin maganin ya san hanyar shigowa amma bai san ta fita ba. Mai wurin, Olawale, haifaffen garin ne, Hausa a bakinsa kamar ta ɗan Kafur. Jiya ya dawo daga Kano da sabon kibod na MIDI, irin na kiɗa da ake haɗawa da kwamfuta, ya dire shi gaban Mahadi, ya ce ya ɗauki kowane sauti na kalangun tsohon ya ɗora a kan madannai.

"Daga nan sai mu bar Baba ya huta," in ji shi. "Kar ka ɗauka da zafi, Mahadi. Kai ma ka ga Larabar da ta wuce. Waƙa ɗaya muka wuni a kanta, yana ta baya-baya, mawaƙin ya yi fushi ya tafi Funtua. In ba ka yi ba, zan sayo na wani makaɗin Kano da aka riga aka haɗa. Gara dai nasa, ko?"

Abin haushin shi ne gaskiya Olawale ya faɗa. Da ƙarya ce da Mahadi ya sami abin riƙewa. Bukukuwa sun koma hannun masu lasifika, dambe ya ja baya a ƙauyensu, kuma zuwan nan na ranar Laraba shi kaɗai ya rage wa tsohon da zai sa ya wanke hula ya shiga mota. Da Mahadi ya kira shi a waya, bakinsa ya kasa faɗa masa gaskiya. Ya ce masa sabuwar na'ura aka kawo, ana son a gwada ta.

Da ƙyar aka sami ɗaya-ɗayan. Bugu a hankali, bugu da ƙarfi, tsarkiya a sake, tsarkiya a matse, gefen fata, tsakiyar fata. Baba Mudi ya fito yana share gumi da hannun riga, yana mita wai yau an mai da shi ɗan koyo. Ya jawo kujerar roba ya zauna dab da Mahadi, gwiwa na taɓa gwiwa.

Mahadi ya soka wayar kibod a kwamfuta. Shiru. Ya buɗe saitin manhaja, ya nemo sunan kibod ɗin a jerin na'urori, ya kunna shi, ya danna madanni. Wata 'yar koriyar fitila ta ƙifta a saman allo. A ransa ya so a ce ta ƙi. Ya so a ɗauke wuta, janareto ya ƙi tashi, wayar ta zama jabu. Amma yau, kamar da gayya, komai lafiya lau.

Ya shiga yanka sautin yana jan kowanne zuwa gidansa. Masu kauri a hagu, masu kaifi a dama. Ya saita yadda in an taɓa madanni a hankali bugun sanyi zai fito, in an doka na ƙarfi ya fito. Sannan ya danna farin madanni na farko, kalangu ya amsa daga lasifika.

Tsohon ya zabura, ya dubi kalangunsa da ke kwance a cinyarsa, ya dubi lasifikar.

"Ikon Allah! Wale, zo ka gani, sun saka ni a akwati!"

Olawale, wanda ke tsaye bakin ƙofa, ya yi 'yar dariya ya sunkuyar da kai kan wayarsa.

Sai aka zo wurin da ya gagara. Kalangu ba ganga ba ne. Maganarsa a matsar hammata take, sautin ya hau ya sauka cikin bugu guda. A gefen hagu na kibod akwai wata 'yar taya da ake murzawa don lanƙwasa sauti. Mahadi ya haɗa ta da kalangun, ya buga, ya murza. Abin da ya fito kamar akuya aka taka wa wutsiya. Ya rage tazarar lanƙwasawar, sautin ya tsaya ƙiƙam kamar turmi. Ya ƙara, akuyar ta dawo. Gumi ya fara tsattsafo masa a wuya, ga Olawale ya matso yana kallo ta kafaɗarsa. Wani ɓangare na zuciyarsa ya fara murna. Idan ya bar shi haka, ya ce abin bai yiwu ba fa?

"Kai, ba haka ba ne," Baba Mudi ya ce. Bai iya ganin ɗansa na jin kunya gaban maigidansa ya yi shiru ba. "Kana bugawa sannan ka matsa. Ni kafin gula ta sauka na riga na fara matsawa. Kawo hannunka."

Ya ɗora tafinsa mai kanta a kan yatsun Mahadi, ya tura tayar kaɗan, ya ce buga, ya sake ta a hankali. "Ka ji? Amma ya yi nisa. Kalanguna ba ya hawa can, ba mace ba ce mai guɗa. Rage masa." Mahadi ya rage. "Ƙara kaɗan. Yawwa. Tsaya nan, kar ka kuma taɓa shi."

Sautin ya fito sak. Har Olawale sai da ya ce, "Kai!" Tsohon ya gyara hula yana murmushi, ya ce yaran zamani sai an nuna musu komai. Mahadi ya danna ajiya, bai iya duban kowa ba.

Da aka kira azahar Baba Mudi ya riga su fita, ya ce daga masallaci zai biya kasuwa ya gaisa da mahauta. Mahadi ya yi tasa sallar a lungun shago ya dawo. Waƙar ranar ta wani mawaƙi ce, Awaisu, da ya yi wa ƙungiyar manoman masara, kuma da la'asar zai aiko a karɓa. Mahadi ya sa ta, ya ɗora hannu a kibod. Tun yana goye yake jin kiɗan nan, ya san inda ubansa ke jinkirtawa da inda yake yin ɗan ƙarin nan nasa. Kafin shayin Olawale ya huce an gama. Wannan saurin shi ya fi komai ƙona masa rai.

Tsohon ya dawo da ƙunshin tsire a takarda, ya ajiye musu, ya saɓa kalangu.

"To, wasa ya ƙare. A sa waƙar mu yi aikin da ya kawo ni."

Mahadi ya dubi Olawale. Olawale ya ce bari ya duba mai a janareto, ya fice. Ɗakin ya rage daga uba sai ɗa, sai gilashi a tsakani.

Mahadi ya kashe kalangun kibod, ya buɗe sabon layi, ya danna ɗauka. Ya yi addu'a a zuci Allah ya sa tsohon ya ƙaryata su duka. Baitin farko ya tafi daidai, har tsikar jikinsa ta tashi. A na biyu hannun ya fara nauyi. Bugun yana zuwa, amma a makare, kamar mai bin mota da gudu tana ƙara nisa. A allo Mahadi na ganin kowane bugu yana sauka bayan layinsa. Baba Mudi kuwa ido a rufe, kafaɗa na rawa, bai san an bar shi a baya ba. Da waƙar ta ƙare ya fito yana haki.

"Sa min in ji."

Layi biyu ne a gaban Mahadi, na kibod a sama, na tsohon a ƙasa. In ya kunna na ƙasa, tsohon zai ji da kunnensa abin da kowa ya daɗe da ji ana ɓoye masa, kuma kunnen nan bai tsufa ba. In ya kunna na sama, ya san ƙaryar ba ta ƙarewa yau. Ya nemi hanya ta uku, babu. 

Ya kunna na sama.

Kalangu ya cika ɗakin, kowane bugu a gurbinsa, yana hawa yana sauka kamar shekarun da mahauta ke tashi tsaye in ya shigo kasuwa. Baba Mudi ya karkata kai yana saurare, ƙafarsa na bin kiɗan. Haka ya yi har aka kai ƙarshe. Sannan ya ɗaga hannun damansa, ya juya shi gaba da baya yana kallo, idonsa ya kawo ruwa.

"Ka san kwanan nan har na fara jin tsoro?" ya ce a hankali. "Na ɗauka ya fara tafiya ne. Ashe yana nan."

"Yana nan, Baba."

Tsohon ya rataya kalangu, ya tura masa ƙunshin tsiren.

"Ci, ya huce. Ka gaya wa Wale Laraba da wuri zan shigo."