Ƙauyen da Aka Shafa wa Kore

Silvanus Kambai ya jingine kekensa a ƙofar ofishin lafiya, wandonsa duk taɓo, ya shiga riƙe da takarda. Shekara tara ke nan yana malamin disfensare, ɗakin shan magani, a wani ƙauye bayan Fadan Kagoma. Takardar cewa ta yi bana motar rigakafin ƙyanda ba za ta biyo ta wajensu ba, shi ya sa ya tako har Kafanchan.

Mista Gilbert, mai kula da shiyyar, ya tarbe shi da fara'a, ya nuna masa taswira a bango. Sabon tsarin aiki ne da manya suka zauna a can birni suka shirya, kowane ƙauye da launinsa gwargwadon abin da rajistarsa ta nuna. Ja, mota za ta je. Kore, lafiya lau. Nasu kore ne shar, don masu ƙyanda uku kacal ya rubuta bara.

Silvanus ya yi bayani har bakinsa ya bushe. A wajensu uwa ba ta fito da mai ƙyanda, a ɗaka take ɓoye shi, wai kada iska ta mayar da ƙurajen ciki. Yara goma sha ɗaya aka binne bara a bayan coci, da shi a cikin masu waƙa. Amma dokar rajista ita ce ka rubuta wanda aka kawo maka.

"To me ya hana ka ƙara, yadda sauran suke yi?" in ji Gilbert a hankali.

"Oga, ni dattijon ikilisiya ne. Ban iya rubuta ƙarya ba."

Gilbert ya ce ai an riga an buga wa tsarin hatimi, sai dai baɗi.

*

Ana cikin tonon citta cutar ta shigo gari. Ranar da Lucy, 'yarsu mai shekara uku, ta fara zazzaɓi, matarsa Afiniki ta tsaya a bakin ƙofa ta tare shi.

"Baban Lucy, kar ka fitar da shi. Iska zai taɓa shi."

Ya ɗauki yarinyar duk da haka, ya tsallaka hanya da ita zuwa disfensare, ya rubuta sunanta. Ba abin da ke cikin kabad sai asfirin da maganin shafa wa ciwo. Bai taɓa jin haushin gaskiyarsa ba sai ranar.

Kwana shida ta yi.

*

Bayan 'yan gaisuwar rasuwa sun watse, ya buɗe rajista don ya rufe layinta. Gurbi biyu ne a gaban sunan, ɗaya na wanda ya warke, ɗaya na wanda aka tura babban asibiti. Ya tsoma alƙalami a tawada, ya zauna yana duban su har bakin alƙalamin ya bushe.