Shekara Ɗaya Ta Rumawa

Maman Lawali tela ne, mutumin Damagaram, shekara talatin yana ɗinki a wani lungu na Balad, tsohuwar unguwar Jidda. Wata ranar Talata Malama Sauda, haifaffiyar Jidda mai koyar da tarihi, ta kawo masa farin yadi. Mayafai goma sha biyu take so, masu bakin shunayya, ɗalibanta za su yi wasan majalisar Rumawa. Ya juya zanen da ta nuna masa, ya ce ai wannan haramin alhazai ne. Ta yi dariya, ta zauna tana ba shi labari, rabi Hausa rabi Larabci: yadda Rumawa suka kori sarkinsu, suka koma zaɓen mutum biyu kowace shekara, kowanne yana iya taka wa ɗan'uwansa burki.

"To in shekarar ta cika fa?"

"Halas, shi ke nan, Baba. Kowa ya koma gidansa."

Bayan azahar ya hau keken ɗinki. Zafi ya kwanta, fanka na juyawa a kasalance, farin yadi na zuba a ƙafafunsa. Can idonsa ya yi nauyi. Sai ya ga lungun ya buɗe har bakin teku, dattawa cikin fararen mayafai zaune a ƙarƙashin tagogin katako, suna magana ɗaya bayan ɗaya, ba mai ɗaga murya. Wani ya miƙe, ya ajiye sandarsa a kan dutse, ya kama hanyar gona, iska na kaɗa masa mayafi. Maman Lawali ya bi shi da kallo, har ya ji ƙamshin ƙasar da aka yi wa ruwan fari.

Shekara goma sha tara ke nan yana shugabancin ƙungiyar 'yan garinsu. Rikicin iƙama, wato takardar zama, jana'iza, sulhun ma'aurata, duk a kansa. Bai taɓa tunanin ana sauka ba.

Ranar Juma'a a unguwar Kurayyat ya ce wa 'yan ƙungiya zai sauka, su zaɓi mutum biyu, na shekara ɗaya. Aka roƙe shi ya ci gaba, ya ƙi. Daga ƙarshe aka tsayar da Khalil direba da Usuman mai turare.

Mako bai cika ba suka saɓa a kan wurin taro. Khalil ya kira Maman Lawali a waya, ya same shi zaune a bakin ruwa wajen unguwar Ruwais bayan la'asar. Dattijon ya saurara har ƙarshe, ya ce su je su daidaita, shi yanzu jiragen ruwa yake kallo.