Farin Gari a Cikin Fiffike

Su biyu ne a rumfar gyara, tsohon bakanike da jikarsa, sai ƙaramin jirgin sama mai kujera biyu. Kayan aiki kam suna da su. Abin da suka rasa shi ne fiffiken canji, domin an daɗe da daina ƙera irinsa. Ga shi ya yi mata alkawari, ranar da jirgin zai tashi ita ce a gefensa.

Idonsa ya yi rauni, hannunsa kuma ba ya shiga 'yar ƙofar dubawa da ke ƙarƙashin fiffiken. Ya kwance murfinta, ya haska tocila.

"Zura hannu, amarya. Shafa dogon ƙarfen da ke riƙe da fiffiken. Santsi kika ji?"

"Kaushi ne, Kaka." Ta zaro hannun fari fat, tana dariya. "Kai tsoho, ashe nan kake ɓoye gari!"

Ya murza garin a yatsunsa, ya ce ta ƙara shafawa can ciki, inda fiffike ya haɗu da jikin jirgi. Wannan karon da ɓawon ƙarfe ta fito.

"Sai mu goge, ko?"

"Farin garin nan tsatsa ce, kuma ta waje ake gogewa. Wannan ta ci har ƙashi."

"To yaushe za mu tashi?"

Ya mayar da murfin, ya ɗaure kusoshinsa a hankali kamar kullum, sannan ya share mata hannu da gefen rigarsa.

A nan ta gane jirgin ba zai sake tashi ba, kuma Kaka ba zai iya faɗa mata ba.